Shin 'yan Mormon na Afirka suna da adabinsu, ko komai daga Amurka ake yo musu?

"Malam, barka da aiki. Na yi bautar ƙasa a wani gari kusa da Uyo, kuma matar da na zauna a gidanta 'yar cocin nan ce da ake kira Mormon. Mutuniyar kirki ce ƙwarai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk littattafai da mujallun da na gani a falonta na Amurka ne, waƙoƙin da take rerawa ma ba su yi kama da na sauran coci-cocin unguwar ba, babu ganga babu rawa. Yanzu ina shirin digiri na biyu a fannin adabi, ina tunanin ko in yi bincikena a kan wannan. Shin mutanen nan suna da adabi nasu? In suna da shi, akwai hannun 'yan Afirka a ciki, ko dai komai daga can ake yo musu?"

Malama, barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayoyi uku kika zuba mini a ƙwarya ɗaya: ko akwai abin da za a kira adabin Mormon, ko waɗanda ba Amurkawa ba suna da rabo a cikinsa, sannan me ya sa falon mai masaukinki ya cika da kayan Amurka. Ta farko amsarta e ce, babu ja. Ta biyu ma e ce, sai dai in kika tafi nemansa a kan kantar littattafai hannu rabbana za ki dawo, don ba can aka ajiye shi ba. Ta ukun ce mai dogon zance. Tun da wuri in faɗa miki, ni ba ɗan cocin ba ne. Malamin adabi da fassara ne, kuma na shigo wannan fage ne ta hanyar nazarin yadda addinai ke ɗaukar rubutunsu daga wani harshe zuwa wani. Abin da za ki ji daga gare ni maganar mai kallo daga bakin ƙofa ce.

Littafi ya riga coci

Cikakken sunansu, in an mayar da shi Hausa, shi ne Ikilisiyar Yesu Kristi ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Joseph Smith ya kafa ta ranar 6 ga Afrilu 1830 a jihar New York. Makonni kaɗan kafin nan aka gama buga Littafin Mormon a garin Palmyra, kwafi 5,000. Ki riƙe wannan: jama'a ce da littafinta ya riga ta zuwa duniya, shi ya sa rubutu da ɗab'i suka shiga jininta tun daga tushe. Daga sunan littafin laƙabin Mormon ya fito, kuma tun 2018 shugabanninsu suka roƙi a daina kiransu da shi. Masu nazarin adabi dai har yanzu suna amfani da kalmar, saboda ta fi faɗi, tana ɗaukar har waɗanda suka bar cocin amma suke rubutu a kansa. In kin je hira da su, ki ce musu Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, za su fi sakin jiki da ke.

An kashe Smith a 1844. Brigham Young ya ja jama'ar suka ratsa daji da hamada a kekunan shanu, suka sauka kwarin Salt Lake a watan Yuli 1847, inda ya zama jihar Utah daga baya. Wannan ƙaura ita ce uwar labarunsu. Waƙar da suka fi ji da ita, wadda William Clayton ya rubuta a kan hanya a 1846, waƙar matafiya ce masu ƙarfafa wa juna zuciya cewa ko an mutu a hanya ba a yi asara ba. Ina kyautata zaton tana cikin waɗanda kika ji mai masaukinki tana rerawa, ita da ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba balle keken shanun Amurka.

Adabin ƙirƙira kuwa ya bi matakai da masana irin su Eugene England suka tsara. A 1888 Orson F. Whitney ya yi kira a samar da abin da ya kira adabin gida, yana cewa wata rana za su yi nasu Milton da nasu Shakespeare. Abin da ya biyo baya labarai ne na wa'azi da gyaran hali, mafi shahara shi ne Added Upon na Nephi Anderson a 1898. Daga 1930 zuwa gaba sai aka samu marubuta irin su Maurine Whipple da Virginia Sorensen, waɗanda suka kai littattafansu manyan kamfanonin Boston da New York, suka kuma taɓo abin da gida ba ya son a taɓa, musamman raɗaɗin da matan zamanin auren mace fiye da ɗaya suka sha. Waje ya yaba, gida ya ɗaure fuska. Daga baya aka kafa mujallar Dialogue a 1966 da ƙungiyar marubuta ta Association for Mormon Letters a 1976, aka fara neman hanyar da mutum zai rubuta gaskiyar rayuwa ba tare da ya fita daga imani ba. Sai kuma waɗanda duniya ta sani ba tare da ta san addininsu ba: Orson Scott Card, Stephenie Meyer, Brandon Sanderson. A kan waɗannan har gobe ana gardama ko labarin sararin samaniya da ɗan coci ya rubuta adabin Mormon ne, kamar dai yadda muke ta cacar baki a kan Bahaushen da ya rubuta littafinsa da Turanci.

To amma ki dubi jerin nan da kyau. Kusan kowa a ciki Ba'amurke ne, da Turanci yake rubutu, kuma yawanci ko Utah ce ta haife shi ko ita ta raine shi. Alhali tun watan Fabrairu 1996 mabiya cocin da ke wajen Amurka suka fi na cikinta yawa, kuma yau jimillarsu ta haura miliyan 17. Jama'a sun watsu cikin duniya, alƙalami da injin ɗab'i sun yi zamansu a gida.

Yadda aka yi falo ya zama iri ɗaya

Abin da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne, tun a farkon lamari rubutun nan ya fita a ƙasashe da harsuna da dama. A 1840 aka fara buga jaridar Millennial Star a Manchester ta Ingila. Dan Jones ya fara mujalla da harshen Welsh a 1846. An fassara Littafin Mormon zuwa harshen Denmak a 1851, sannan zuwa na Hawai a 1855 da hannun wani alƙali ɗan ƙasa, Jonathan Napela, tare da George Q. Cannon. Wani Bafaranshe, Louis Bertrand, ya buga tarihin rayuwarsa a Faris a 1862. Shi kansa Nephi Anderson a Norway aka haife shi.

Abin da ya kashe wannan tsiro shi ne koyarwar tattaruwa. A ƙarni na 19, duk wanda ya karɓi addinin ana kwaɗaita masa ya tattara nasa ya nasa ya koma Utah. Dubban mutane daga Birtaniya da ƙasashen Sikandinebiya suka yi haka. Mawaƙin da zai rubuta da harshen uwarsa ya hau jirgin ruwa, 'ya'yansa suka tashi da Turanci, jikoki ko gaisuwa ba su iya ba. Ƙasashen da aka baro kuwa kullum sai an sake shuka daga farko.

A ƙarni na 20 aka juya, aka ce kowa ya zauna ƙasarsu ya gina cocin a can. Da an bar abin haka, da wataƙila kowace ƙasa ta yi nata salo. Sai dai daga wajen 1960 aka shigo da tsarin daidaitawa a ƙarƙashin Harold B. Lee, ɗaya daga cikin manyan shugabannin cocin: duk darasi, duk mujalla, duk littafin waƙa sai ya bi ta hannun kwamiti a Salt Lake, sannan a fassara a rarraba. Darasin da ake karantawa ranar Lahadi a Uyo shi ake karantawa a Manila da Lima. Mujallar da kika gani a falon, ina jin Liahona ce, ita ce ke zuwa gidajen mabiya a harsuna da dama. Shugabannin suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Cocin ba shi da fastoci masu albashi a matakin unguwa. Bishop ɗin yau yana iya zama malamin makaranta ko ɗan kasuwa da bai fi shekara biyar da shiga addinin ba. In ba a miƙa masa abu a shirye ba, kowa zai koyar da abin da ya ga dama. Kuma sun taɓa ƙonewa. A Meziko, wani Margarito Bautista ya buga ƙaton littafi da Sifaniyanci a 1935 yana cewa 'yan asalin ƙasar su ne magadan alkawuran Littafin Mormon. Shugabanni suka ƙi sa masa albarka, a 1936 wani ɓangare na mabiya suka ɓalle suna neman a naɗa musu shugaba ɗan ƙasarsu, ba a sasanta ba sai 1946. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ribar daidaitawa ita ce ɗan Aba ya shiga coci a Tokyo ya ji kamar yana gida. Asararta ita ce, mabiyi ya saba ganin rubutun addini a matsayin abin da ke saukowa daga sama a cikin kwali, har ya manta shi ma yana da hannu.

Inda rubutun 'yan Afirka yake

Nan nake so ki zauna da kyau, don nan ne albarkar bincikenki take. A Najeriya da Gana, takarda ce ta kawo addinin, kafin ƙafar ɗan mishan ta taka. Tun daga 1946 wasiƙu suka fara isa Salt Lake daga kudu maso gabashin Najeriya, daga mutanen da suka ci karo da ƙasida ko labari a mujalla. Suka kafa jama'o'insu da sunan cocin, suna wa'azi daga 'yan takardun da aka aiko musu, suna ibada irin yadda suka saba, da tafi da kiɗa. A 1961 aka turo LaMar Williams ya gano su. Matsalar ita ce, tun zamanin Brigham Young cocin ba ya ba baƙar fata matsayin firist, ba ya kuma barin su shiga ibadun haikali, wato ginin ibada na musamman da ya bambanta da cocin Lahadi. A 1963 wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a Kalifoniya ya fallasa wannan a jaridar Nigerian Outlook, gwamnati ta riƙe biza, aka janye Williams a 1965, sannan yaƙin basasa ya zo ya rufe ƙofar.

Cikin wannan yaƙin ne wani malamin makaranta daga Mbaise, Anthony Obinna, yana zaune gida babu fita, ya buɗe wata tsohuwar mujallar Reader's Digest ta 1958, ya ga hoton haikalin Salt Lake, ya ce wannan shi ne ginin da aka nuna masa a mafarki shekarun baya. A 1971 ya fara rubuta wasiƙu. Amsar da yake samu ita ce ya yi haƙuri. A Gana kuma Joseph William Billy Johnson ya karanta Littafin Mormon a 1964, ya shekara 14 yana kafa jama'o'i a Cape Coast da kewaye ba tare da an yi masa baftisma ba, har ya raɗa wa ɗansa suna Brigham. Ya ba da labarin cewa a rediyon BBC, cikin dare, ya ji sanarwar watan Yuni 1978 cewa shugaban cocin na lokacin, Spencer W. Kimball, ya ɗage haramcin da aka sa wa baƙar fata. Ranar 21 ga Nuwamba na wannan shekara aka yi wa Obinna baftisma a rafi. Bayan shekara goma, a 1988, aka kafa babbar gundumar coci ta farko a Afirka ta Yamma a Aba. Haikalin Accra ya buɗe a 2004, na Aba a 2005. A tsakani kuma gwamnatin Rawlings ta rufe cocin a Gana daga Yunin 1989 zuwa ƙarshen Nuwamban 1990, mutane suka koma ibada a ɗakunansu.

Wasiƙun nan adabi ne. Akwai salon roƙo a cikinsu, akwai gugar zana, akwai mutumin da ke jawo ayar littafin da aka aiko masa yana tunatar da masu littafin abin da ya ce game da baƙi da fari. Labarin mafarkin Obinna yana da ginin da duk mai nazarin adabin baka zai gane: mai ja-gora, tafiya, gini mai ban mamaki, sannan fassarar da ba ta zuwa sai bayan shekaru. E. Dale LeBaron ya zagaya ƙasashen Afirka a 1988 yana naɗar irin waɗannan labarai, ya fitar da wasu a littafi a 1990. Wani likita ɗan Gana, Emmanuel Abu Kissi, ya rubuta tarihin cocin a ƙasarsa, Walking in the Sand, aka buga a 2004.

Sai dai ki karanta su da ido biyu. Yawancin takardun suna ajiye a Utah, da Turanci suke, kuma waɗanda suka tace su sun fi son labari guda: an yi haƙuri, an jira, Allah ya saka. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Da 'yan mishan suka iso, an ajiye ganguna, matan da ke jagorantar jama'a sun koma benci, kuma ba kowa ya yarda da haka ba. Muryar waɗanda suka juya baya ba ta cika fitowa a littattafan ba, kuma mai bincike na gari ita zai bi.

Wani abu da na gani da idona. Wani abokin aiki ya taɓa kai ni taronsu a wani gari na ƙasar Ibo, ranar Lahadin farkon wata. Ranar suke azumi, su ba da kuɗin abincin ga mabuƙata, kuma babu mai wa'azi: duk wanda ya ji a ransa sai ya tashi ya ba da shaida. Ɗaki tsaf, maza da farar riga da lakataye, wani yaro yana danna ɗan fiyano. Mutum biyar na farko da Turanci suka yi, kusan jimla iri ɗaya, na san cocin nan gaskiya ne, na san littafin nan gaskiya ne. Har na fara duba agogo. Sai wata dattijuwa ta miƙe, ta yi jimloli biyun nan kamar mai biyan kuɗin shiga, ta ɗan yi shiru, ta gyara ɗaurin zane, ta juya harshen Ibo. Abokina yana raɗa mini fassara a kunne. Mahaifiyarta ce da ta rasu tun kafin 'yan mishan su zo take zuwa mata a mafarki, tana tsaye bakin ƙofa da tulu a ka, ba ta shigowa. Sai da ta je haikali aka yi baftisma a madadin uwar, sannan ta yi mafarkin ta shigo ta sauke tulun. Ɗakin da ya yi tsit sai ya fara amsawa ƙasa-ƙasa, irin amon da ake yi wa mai ba da labari. Da ta gama ta koma Turanci ta rufe da jimlar da kowa ke rufewa da ita.

Tun ranar na daina cewa komai daga Amurka yake. Kwanon na Amurka ne, tuwon kuwa a gida aka tuƙa shi. Koyarwarsu ta yi wa matattu baftisma da ɗaure iyali har bayan mutuwa ta sauka a ƙasar da dama ba a ɗauki kakanni a matsayin waɗanda suka tafi ba, sai ta haifi labaran da ɗan Utah ba zai yi ba. Shi ya sa ma hukumarsu ta binciken asali, FamilySearch, take tura mutane ƙauyukan Gana da Najeriya suna naɗar salsala daga bakin tsofaffi.

Fassara ma wani wurin ne da hannun 'yan ƙasa ke ɓoye. An fitar da zaɓaɓɓun sassan Littafin Mormon da Efik a 1983, cikakkensa da Ibo a 2000, da Yarabanci a 2007, kuma duk wata kalma a ciki wani ne ya zauna ya zaɓe ta. Nakan gwada ɗalibaina da wannan. Kalmar da suke kiran babbar gundumarsu da ita a Turanci ita ce "stake". Na ce a ba ni Hausarta. Aka ce gunduma, aka ce shiyya, aka ce yanki. Sai na karanta musu inda aka samo ta, Ishaya sura 54 aya 2, inda ake cewa a faɗaɗa tanti, a tsawaita igiyoyi, a ƙarfafa abin da aka kafe su da shi. Wata ɗaliba daga baya ta ce, ai Malam turke ne. Ajin ya kwashe da dariya, wani ya ce yanzu sai a ce da mutum shugaban turke? Amma ita ce ta kama hoton da Baturen yau ma ya manta yana cikin kalmar. Muka ci rabin awa a kan ko a ceci hoto a rasa kwarjini, ko a ceci kwarjini a rasa hoto. Irin wannan gardama mai fassara na Ibo da na Efik ya sha ta sau ɗaruruwa, babu wanda ya rubuta sunansa a bango.

Me ya hana ƙagaggun labarai fitowa

Ba rashin abin rubutawa ba ne. Ki ɗauki sadaki da kayan aure. Dallin H. Oaks, ɗaya daga cikin manyan shugabannin cocin, ya soki tsadar kuɗin aure a jawabinsa ga mabiya na Afirka a 2010, Russell M. Nelson, shugaban cocin na lokacin, ya maimaita a Nairobi a 2018. To ga saurayi ya dawo daga shekara biyu na aikin mishan babu ko sisi, ga budurwa 'yar coci, ga baffanninta da ba su san wani Nelson ba sun miƙo takardar kaya. Ko magidanci mai mata biyu da ke son shiga cocin da ya yi suna a duniya da auren mata da yawa, amma ya bar abin tun 1890, yanzu kuma ba zai yi masa baftisma a haka ba. Ko dokar ci da sha ta 1833, wadda ta hana giya da taba, aka kuma fassara ta da hana shayi da kofi: ba ta ambaci goron da ake tarbar baƙo da shi a ƙasar Ibo ba, ba ta ambaci ganyen mate da ake sha kamar shayi, wanda ɗan Yurugwai ba ya rabuwa da shi ba. Kowane ɗaya littafi ne guda.

A ganina babban cikas kasuwa ce. Babban kamfanin littattafansu, Deseret Book, mallakar cocin ne, masu sayensa kuma yawanci Turawan yammacin Amurka ne. Marubucin Aba ko Kinshasa ya faɗa tsakanin kujeru biyu: marubutan ƙasarsa suna ganin cocin baƙon abu ne, Utah kuma ba ta karanta harshensa. Ƙari a kan haka yawancinsu su ne farkon shiga a danginsu, hidimar coci ta cinye musu lokaci, kuma sabon shiga ya fi kowa tsoron kada a ce ya kauce.

Masu Sifaniyanci sun ɗan yi gaba. Suna da ƙungiyar Cofradía de Letras Mormonas mai fitar da El Pregonero de Deseret, suna da marubuta irin su Gabriel González Núñez ɗan Yurugwai. Gasar gajerun rubuce-rubuce ta Mormon Lit Blitz, wadda James Goldberg da Nicole Wilkes Goldberg suke cikin waɗanda suka fara ta a 2012, ta buɗe ƙofa ga harsuna da dama a 2019, ana buga rubutu da harshensa na asali tare da fassara. A fim, Freetown na 2015 ya ba da labarin 'yan mishan da suka tsere daga yaƙin Laberiya zuwa Saliyo. A Gana aka ɗauke shi, amma daraktan Ba'amurke ne. Heart of Africa na 2020 kuwa ɗan Kwango ne, Tshoper Kabambi, ya ba da umarni. Bambancin yana da muhimmanci, musamman in kin tuna cewa hoton da Amurkawa da yawa suke da shi na Mormon a Afirka daga wani wasan barkwanci na 2011 a Broadway, dandalin wasan kwaikwayo na New York, suka samo shi, wanda ba 'yan cocin suka rubuta ba, ya kuma mayar da mutanen Yuganda abin dariya.

Duk lokacin da na ga gasar nan ta harsuna da yawa sai in tuna gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta ba mu ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko. Abu ne mai kyau, amma hukuma ce ta kira, ita ta zaɓa, ita ta buga. Rubutun Hausa bai cika gari ba sai bayan 1980, da matasa da matan aure a Kano suka fara buga nasu da kuɗinsu, suna sayar wa junansu, ba su jira yardar kowa ba. Hukuncina shi ne adabin Mormon na wajen Amurka yana 1933 ɗinsa tukuna. Ranar da 'yar coci a Uyo za ta rubuta labarin baffannin nan da takardar kayansu, ta tura wa 'yan'uwanta a WhatsApp su karanta su yi ta musu, ranar aka shiga mataki na gaba, ko Utah ta sani ko ba ta sani ba.

Game da bincikenki

Kada ki ce za ki rubuta a kan adabin Mormon gaba ɗaya, zai haɗiye ki. Kina iya ɗaukar wasiƙu da labaran 1946 zuwa 1978 ki nazarce su a matsayin matani. Wannan ya fi sauƙi don da Turanci suke, wasu kuma an buga su. Kina iya kwatanta fassarar Efik da Littafi Mai Tsarki na Efik ki ga inda aka ari kalma da inda aka ƙirƙira, amma wannan sai kin iya harshen sosai. Da ni ne, shaidar Lahadin azumi zan ɗauka a matsayin adabin baka, don babu cunkoso a wurin, kuma kin riga kin sami ƙofar shiga. Ki nemi izinin bishop tukuna. Kada ki kunna na'urar ɗaukar murya a cikin taron ibada, ba sa so; ki saurara, ki rubuta bayan an tashi, sannan ki bi mutane gida ki yi hira da yardarsu. Ki kuma bayyana musu tun farko cewa karatu ya kawo ki, don kada su ɗauka addinin kike nema, a zo ana jin nauyin juna.

Iyakata kuma ki san ta. Ba na jin Ibo ko Ibibiyo, labarin dattijuwar nan ta bakin wani na ji shi, kuma na tabbata rabin daɗinsa ya zube a hanya. Sifaniyanci da ƙamus nake karanta shi. Haikali kuwa ba a barin wanda ba ɗan coci ba ya shiga bayan an keɓe shi, don haka abin da ke ciki sai dai abin da suka ga dama suka faɗa. Za ki buƙaci mai duba aiki na biyu da ya san harshen yankin.

Kafin ki rubuta ko da shafi ɗaya na tsarin bincike, ki kira mai masaukinki ki gaishe ta. Cocinsu yana matsa wa mabiya su riƙa rubuta abin da ya same su a littafin ajiye tarihi, Kimball ma ya sha nanata wannan. Ki tambaye ta ko tana da irinsa, da wane harshe take rubutawa a ciki, da kuma wace waƙa take yi in tana tsaye a madafa ita kaɗai.